William Stanley Jevons: Masanin da ya hango tarkon da ke cikin tsimin makamashi

An haifi William Stanley Jevons a birnin Liverpool na Ingila ranar 1 ga Satumba, 1835. Mahaifinsa ɗan kasuwar ƙarfe ne da jarinsa ya karye a 1848. Ƙuncin da iyalin suka shiga ya sa Jevons ya katse karatunsa a Landan, ya tafi Sydney ta Ostireliya a 1854, inda ya yi aikin tantance zinariya a gidan buga kuɗi. A 1859 ya koma gida ya kammala karatu, daga baya ya zama malamin tattalin arziki a Manchester.

Sunansa ya fito ne a 1865, da littafinsa The Coal Question. A lokacin, mutane da dama sun ɗauka cewa injunan da ke cin kwal kaɗan za su rage yawan kwal ɗin da Birtaniya ke ƙonawa. Jevons ya nuna akasin haka. Injin tururi na James Watt ya fi na Thomas Newcomen tsimi nesa ba kusa ba, sai dai tsimin ya sa aiki da shi ya yi araha, masana'antu suka yawaita, buƙatar kwal ta ƙaru. Littafin ya ja hankalin 'yan majalisa, har aka kafa hukumar binciken kwal a 1866.

Jevons ya rasu ranar 13 ga Agusta, 1882, bayan ya nutse a teku kusa da Hastings, yana da shekara 46. Haƙar kwal a ƙasarsa ta ci gaba da hauhawa har 1913.

Damuwarsa ƙarewar kwal ce, amma yau masana muhalli ke amfana da hujjarsa. Birtaniya ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kusan rabi daga 1990, ta kuma rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal a 2024. Sabuwar fasaha ta taimaka, amma sai da aka haɗa da doka da haraji kan hayaƙi. Idan kuma aka lissafa hayaƙin kayan da take sayowa daga waje, ragin bai kai haka ba. Duk mai tsara manufar makamashi da ya dogara ga tsimin inji kaɗai, yana iya faɗawa tarkon da Jevons ya hango.