Charlotte Bronte, Malamar Da Ta Rubuta Labarin Jane Eyre

 Yau tarihin wata malamar makaranta ta ƙasar Ingila na kawo muku, watau Charlotte Bronte, wadda ta rubuta littafin nan Jane Eyre. Watakila ƙannenmu 'yan makaranta sun taɓa ganinsa a laburare.

An haife ta a 1816. Mahaifinta limamin coci ne a ƙauyen Haworth, ba mai hali ba ne. Tana da shekara biyar uwarsu ta rasu ta bar 'ya'ya shida. A 1824 aka kai ta makarantar kwana ta 'ya'yan limamai, ga sanyi, ga abinci marar kyau. Can yayyenta biyu, Maria da Elizabeth, suka kwanta ciwo, aka mai da su gida, tarin fuka ya kashe su a 1825.

A Ingila ta wancan zamani, 'yar talaka mai ilmi kusan hanya biyu kawai gare ta, ko aure ko koyarwa. In kuwa ta yi aure, doka ta ba miji abin hannunta. Charlotte ta koyar a makarantar Roe Head daga 1835 zuwa 1838, sa'an nan ta shiga gidajen attajirai tana koyar da 'ya'yansu, ita ba 'yar gida ba, ita ba baiwa ba. A 1839 wan wata ƙawarta ya nemi aurenta. Mutumin kirki ne, da ta yarda da ta huta da aikin gidan mutane. Ta ƙi, domin ba ta son sa. Ku duba fa, ba kuɗi gare ta ba!

Wannan hali nata shi ta ba Jane a littafin da ya fito a 1847. Ta sa masa sunan marubuci Currer Bell, don kada a raina shi a ce aikin mace ne. Jane marainiya ce, ita ma ta sha wuyar makarantar kwana, ta zama malama a gidan wani attajiri mai suna Rochester, suka so juna. Ranar ɗaurin aure sai asiri ya tonu, ashe yana da mata mai taɓin hankali a kulle a saman bene. Ku tuna, dokarsu ba ta yarda da mace ta biyu ba muddin ta fari na da rai. Ya roƙi Jane ta bi shi wata ƙasa su zauna haka nan ba aure, ya yi mata alkawarin daula. Tana son sa ƙwarai, amma ta sulale da asuba, har ta kwana a daji da yunwa.

Ni dai nan ne nake tsayawa in na karanta. Ba gudun miji ta yi ba, ba ta kuwa raina aure ba. Abin da ta ƙi shi ne a saye ta. Daga baya wani ɗan'uwanta mai wa'azi ya matsa mata ta aure shi don ta taya shi aiki a Indiya, nan ma ta ƙi. Sai da ta gaji fam 20,000 ta raba da danginta, matar Rochester kuma ta rasu a gobara, shi ya makance, kana ta koma da ƙafarta ta aure shi.

Littafin ya karɓu nan da nan, amma daɗin bai daɗe ba. Cikin wata tara, tsakanin 1848 da 1849, ƙanenta Branwell da ƙannenta mata Emily da Anne duk suka rasu. A 1854 ta auri mataimakin mahaifinta, Arthur Nicholls, bayan tsohon ya daɗe yana ƙi. Ta rasu ran 31 ga Maris 1855 da juna biyu, tana da shekara 38. Mijin ya zauna yana kula da surukinsa har tsohon ya rasu a 1861.