Wilbur Wright, Mai Gyaran Keke Da Ya Sa Wa Jirgin Sama Linzami

Mu da ke wannan yanki mun saba ganin ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya suna shawagi, su karkata, su juya, su koma gida. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wanda ya gano dabarar karkata jirgi a sama mai gyaran keke ne, sana'ar da muke wucewa kullum a kasuwannin Ikara da Makarfi da Kudan ba mu ko waiwaya ba.

An haifi Wilbur Wright ranar 16 ga Afrilu, 1867, a jihar Indiyana ta Amurka. Mahaifinsa, Milton Wright, bishop ne. Wilbur yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, har ana shirin tura shi jami'ar Yale, sai aka buge shi da sanda a baki wajen wasan hoki, haƙoransa na gaba suka zube. Daga nan ya shige gida wajen shekara uku, yana jinyar mahaifiyarsa mai tarin fuka, yana kuma karanta littattafan mahaifinsa, har ta rasu a 1889. Jami'a kuwa bai taɓa shiga ba.

A 1892 shi da ƙanensa Orville suka buɗe shagon keke a garin Dayton. Zuwa 1896 sun fara ƙera nasu kekunan, har da birki irin nasu. A wannan shekara ce wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya faɗo da jirginsa mara inji ya mutu. Labarin ya tsaya wa Wilbur a rai. Sauran masu bincike hankalinsu na kan inji da fukafukai. Shi kuwa ya ga cewa matsalar ita ce sarrafawa. Duk ɗalibin da ya koyi keke ya san keke ba ya tsayuwa da kansa. Mahayi ne ke karkata shi, ya daidaita shi kowane lokaci. Wilbur ya ɗauka jirgi ma haka yake.

Ya lura da yadda tsuntsaye ke murɗa bakin fiffike idan za su juya. Wata rana a 1899 yana riƙe da dogon kwalin tif ɗin keke a shago, ya murɗa shi, sai ya ga gefe ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauka. Haka suka yi da fukafukan jirginsu. Matuƙi yakan kwanta ruf da ciki, ƙugunsa cikin wani katako da aka ɗaura wa wayoyi. In ya gusa dama ko hagu, wayoyin su murɗa fukafukan. Da hannu yake jan sandar ƙaramin fiffiken gaba mai sa jirgi hawa ko sauka. A 1902 suka ƙara wutsiya mai motsi a baya. Waɗannan hanyoyi uku su ne har yau. Ko jirgin Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin horar da sojojin sama a shekarun 1990, daga samfurin RV-6A da mutane ke saya gunduwa-gunduwa su haɗa a gida, da su yake tafiya. Sai dai a maimakon murɗa fiffike, ƙaramin marfi ne ke motsi a bayansa.

Ranar 17 ga Disamba, 1903, a kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi na daƙiƙa 12. Kafin rana ta yi nisa Wilbur ya yi daƙiƙa 59, tafiyar ƙafa 852. Abin dariya, masu ƙera birki ba su sa wa jirginsu taya ba, balle birki. A kan dogon katako mai ƙafa 60 yake gudu ya tashi, in ya sauka yashi ne ke tsai da shi. Abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba. Kwana tara kafin nan, jirgin masani Samuel Langley, wanda gwamnati ta zuba wa dala 50,000, ya afka cikin kogin Potomac.

Duniya ba ta gaskata su ba sai a 1908, da Wilbur ya je Le Mans a Faransa ya yi ta kewaya fili a sama yadda ya ga dama. Duk da taron manyan baƙi, ba ya tashi ranar Lahadi. A Satumbar shekarar farfelar jirgin Orville ta tsage a Amurka, jirgin ya faɗi, fasinjansa Laftanar Thomas Selfridge ya mutu, shi kuma ya karye.

Ba za mu ɓoye wa ɗalibanmu ba, ƙarshen rayuwarsa bai yi mana daɗi ba. Ya bar shago ya koma zaryar kotu, yana ƙarar Glenn Curtiss da wasu a kan sun ɗauki dabararsa ba izini. Yana da gaskiyarsa, amma a ganinmu shari'ar ta cinye shekarun da ya kamata ya yi yana ƙira, kafin a ankara Faransawa sun wuce su. Zazzaɓin taifot ya kama shi a gajiye, ya rasu ranar 30 ga Mayu, 1912, yana da shekara 45, bai yi aure ba. Shekara 13 bayan haka, a Nuwamban 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano.