Alhaji Aƙilu Aliyu: Mawaƙin da Ya Mai da Ilimi Kadaura

A wannan fitowa, filinmu na tunawa da magabata ya leƙa rayuwar marigayi Alhaji Aƙilu Aliyu, ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20.

An haife shi a Jega, wadda yanzu take cikin Jihar Kebbi, a shekarar 1918. Kamar yawancinmu mazauna Masaka, shi ma ɗan tafiya ne. Ya fara karatun allo a gida, ya wuce Kano neman ilimi, daga nan ya nausa Barno, inda ya shafe fiye da shekara 20 a Maiduguri yana karatu yana karantarwa. Da iskar siyasa ta kaɗa sai ya shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950, ya yi mata hidima da alƙalaminsa. Daga baya ya dawo Kano da zama, ya shugabanci ƙungiyar marubuta waƙoƙi ta Hausa Fasaha. A 1977 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin waƙoƙinsa, Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya. Allah ya yi masa rasuwa a 1999.

To, me ya sa har gobe ake karanta shi a makarantu? Ai wa'azi da gargaɗi kowa na yi. Abin da ya bambanta Malam Aƙilu shi ne ba ya miƙa wa mutum magana tsirara. Sai ya sa mata riga, wato abin da masana ke kira adon harshe, kuma rigar ce ke ɗauke da jigon waƙar.

Mu ɗauki Kadaura Babbar Inuwa. Jigonta ilimi ne, amma tun daga sunanta bai ambaci ilimi ba, sai ya kawo itace. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san kadaura: tana ƙarama maje ake ce mata, ba wanda ke kula ta, sai ta shekara da shekaru kafin ta yi tsawo ta baza rassa. In ta girma kuwa, matafiyi da manomi da makiyayi duk su huta a gindinta, ba ta tambayar mutum garinsu. Har ƙaronta ana turare da shi. Kun ga ke nan itace guda ya faɗi abu uku game da ilimi: yana son haƙuri, amfaninsa ya wuce mai shi, kuma ba ya ƙyamar baƙo. Wannan shi ake kira siffantawa.

A 'Yar Gagara kuwa, karuwanci ya yi wa faɗa. Maimakon ya jero illolinsa kamar mai karanta takardar asibiti, sai ya tsai da mace guda a gabanmu, wadda ta gagari kowa, ya bi ta da zambo har mai sauraro ya ji ƙyamar halin da kansa.

Sai kuma Hausa Mai Ban Haushi, wadda ta fi shafarmu a nan. Ku dubi yadda ya haɗa Hausa da haushi, kalmomi biyu masu kama da juna a baki, don ya nuna takaicinsa kan 'yan boko masu gudun harshensu suna tinƙaho da Turanci.

Jama'a, wannan takaici bai tsufa ba. Mu da ke zaune a bakin titin Abuja zuwa Keffi, tsakanin 'yan'uwanmu Gbagyi da sauran ƙabilu, yaranmu suna tashi da Turancin buroka a kasuwa da makaranta. Da yawansu suna jin Hausar saye da sayarwa, amma in aka yi musu karin magana ko habaici sai su yi sototo. Yaron da bai san kadaura ba, yaya zai gane abin da Malam Aƙilu yake nufi?

Shawararmu ita ce iyaye su nemi littafin nan, su riƙa rera wa yara da dare, suna warware musu zancen. Malaman Islamiyyunmu ma za su iya ware masa ɗan lokaci.

Allah ya jiƙan Malam Aƙilu, ya sa Aljanna makomarsa, amin.