MURNAU, BAJAMUSHEN DA YA SA INUWA TA YI MAGANA A MAJIGI

An haifi Friedrich Wilhelm Murnau ran 28 ga Disamba, 1888, a garin Bielefeld na ƙasar Jamus. Ya yi karatu a Berlin da Heidelberg, sa'an nan ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Max Reinhardt, wanda ya shahara wajen sarrafa fitilu a dandali. A Yaƙin Duniya na Farko ya tuƙa jirgin sama, ya faɗo fiye da sau ɗaya, amma da ya ke da sauran kwana, ya tsira.

A zamaninsa majigi ba ya magana, sai a rubuta 'yan kalmomi a tsakanin hotuna. To, yaya za a sa mutum ya ji tsoro ko tausayi ba tare da murya ba? Murnau ya ga amsar tana wurin haske da duhu.

A 1922 ya fito da Nosferatu, labarin wani matacce mai tashi da dare ya sha jinin mutane. Sa'ad da dodon zai hau bene, ba a nuna shi ba, sai inuwarsa kaɗai ta ke hawa bisa bango, ga doro, ga zaƙo-zaƙon farata. Inuwar hannun nan ce ta kai ga ƙirjin matar ta damƙe. Duk wanda ya san zancen maye da kurwa ba ya bukatar tafinta a nan. Abin da ya kashe dodon kuwa ba takobi ba ne, hasken rana ne da ya shigo ta taga bayan zakara ya yi cara. Saura kaɗan wannan aiki ya ɓace, don an ɗauko labarin daga littafin Dracula ba da izini ba, matar marubucin ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata shi. Wasu kofe suka tsira.

A 1926 William Fox ya kira shi Amurka, ya sakar masa kuɗi. Nan ya yi Sunrise, 1927, labarin manomin da wata 'yar birni ta hure wa kunne ya nutsar da matarsa a ruwa. An ƙulla makircin a fadama, cikin hazo, ƙarƙashin farin wata (watan ma na ƙirƙira ne, a ɗakin aiki aka rataye shi), aka ƙare da fitowar rana miji da mata sun shirya. Masu ɗaukar hoton, Charles Rosher da Karl Struss, sun sami lambar Oscar a bikin farko, 1929. Amma kasuwa ba ta biya ba, masu kuɗi suka fara sa masa hannu cikin aiki.

Ya bar su ya tafi tsibiran Tahiti da Bora Bora, ya yi Tabu cikin hasken rana da teku. Saura mako guda a fara nuna shi, mota ta kife da shi kusa da Santa Barbara, ya mutu ran 11 ga Maris, 1931, yana da shekara 42. An kai gawarsa Jamus, aka binne a Stahnsdorf, kusa da Berlin.