Tarihin Wilson Bentley, manomin da ya shafe shekaru 46 yana ɗaukar hoton dusar ƙanƙara

An haifi Wilson Alwyn Bentley ranar 9 ga watan Fabrairun shekarar 1865 a garin Jericho da ke jihar Vermont, a arewa maso gabashin Amurka. Yanki ne na manoma da makiyayan shanu, inda dusar ƙanƙara kan rufe gonaki da hanyoyi na tsawon watanni a lokacin hunturu.

Mahaifiyarsa, wadda ta taɓa aikin koyarwa, ita ce ta karantar da shi a gida, kuma ita ce ta ba shi madubin ƙara girman ƙananan abubuwa yana da shekaru 15. Da wannan madubi ya fara lura cewa kowace ƙwayar dusar ƙanƙara tana da siffa mai kusurwa shida, da ado irin na saƙa. Ya yi ta ƙoƙarin zana su da hannu, amma kafin ya gama sun narke.

Daga bisani iyayensa suka saya masa kyamara a kan dala 100, kuɗi mai yawa ga manomi a wancan zamani, kuma mahaifinsa bai taɓa ganin amfanin hakan ba. Bayan doguwar wahala wajen haɗa kyamarar da madubin, ranar 15 ga watan Janairun 1885 ya samu hoton farko na ƙwayar dusar ƙanƙara guda.

Aikin yana buƙatar haƙuri na musamman. Yakan tari dusar da baƙin allo, ya shiga wata rumfa da ba a hura wuta a cikinta, ya ɗauki ƙwaya ɗaya da tsinken tsintsiya ya ɗora a kan gilashi, sannan ya daidaita ta da gashin talotalo, yana riƙe numfashinsa don kada ɗumin bakinsa ya narkar da ita. A haka ya tara hotuna sama da 5,000 kafin rasuwarsa.

Sai dai abin da ya ɗaga darajarsa a wajen masana yanayi shi ne littafinsa na rubuta al'amuran yau da kullum. Duk guguwar dusar ƙanƙara da ta ratsa Jericho sai ya rubuta ranar da ta zo, da tsananin sanyi, da inda iska ta fito, da irin gajimaren da ya gani, sannan ya danganta su da lambar kowane hoto. Guguwar da maƙwabtansa ke tsoro saboda dabbobinsu da hanyoyinsu, shi kuwa ɗokin zuwanta yake yi, kuma yana tuna kowane hunturu da irin ƙwayoyin da ya kawo masa.

Da ya kwatanta bayanan shekaru da dama, sai ya yanke cewa siffar ƙwayar tana da alaƙa da sanyin iskar da ta ratsa, da kuma ɓangaren guguwar da ta fito daga ciki, kuma mafi kyawun ƙwayoyi sukan zo ne daga sashen yammacin manyan guguwa. Ma'ana, wanda ya iya karanta ƙwayar zai san wani abu game da abin da ke faruwa can cikin gajimare, a zamanin da babu jirgin sama da zai je ya duba.

Da taimakon Farfesa George Perkins na Jami'ar Vermont ya buga maƙalarsa ta farko a shekarar 1898, daga nan kuma mujallar hukumar kula da yanayi ta Amurka ta riƙa buga rubuce-rubucensa. Da damina ma bai zauna ba: yakan ajiye tire cike da garin fulawa a cikin ruwan sama, kowane ɗigo ya dunƙule ya zama ƙwallon ƙullu, shi kuma ya auna girmansa. Ya buga sakamakon a 1904, amma an daɗe ba a waiwaye shi ba.

Bentley bai tsira daga suka ba. A Jamus, masanin yanayi Gustav Hellmann da mai ɗaukar hoto Richard Neuhauss, waɗanda nasu hotunan suka nuna ƙwayoyi masu karaya da rashin daidaito, sun zarge shi da gyara hotuna. Gaskiya ne yakan kankare gefen hoton da wuƙa domin ƙwayar ta fito fara a kan baƙi, kuma yakan zaɓi waɗanda suka fi kyau. Bai ɓoye hakan ba, amma masu sukar suna da hujja ta wani fanni, domin galibin dusar da ke zuba ba ta kai tasa kyau ba. Ra'ayin da ya yaɗa cewa babu ƙwayoyi biyu masu kama ɗaya shi ma daga waɗannan hotuna ya samo tushe.

A garinsu an fi ɗaukarsa mutum mai baƙon hali, wanda bai yi aure ba, yana zaune a wani sashe na gidan gadonsu, yana kaɗa fiyano. A shekarar 1924 ƙungiyar masana yanayi ta Amurka ta ba shi tallafin bincike na farko da ta taɓa bayarwa, dala 25 kacal.

A watan Nuwamban 1931 aka buga littafinsa mai suna Snow Crystals, tare da William Humphreys na hukumar yanayi, ɗauke da hotuna fiye da 2,400. Makonni kaɗan bayan haka ya kamu da ciwon nimoniya, bayan da ya taka zuwa gida cikin dusar ƙanƙara kamar yadda masu tarihinsa suka ruwaito. Ya rasu ranar 23 ga watan Disamba yana da shekaru 66.

Hotunan wannan littafi na daga cikin abubuwan da suka ja hankalin Ukichiro Nakaya, masanin kimiyya a Jami'ar Hokkaido ta Japan, wanda a 1936 ya fara ƙera ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji, ya kuma tabbatar da cewa sanyi da yawan laimar iska su ne ke tsara siffarta.