Alessandro Volta, Mutumin Da Ya Ƙago Batir

Duk wanda ya duba jikin batirin rediyo zai ga harafin V kusa da lamba. Harafin nan daga sunan Alessandro Volta aka samo shi, wani shaihun malami ɗan ƙasar Italiya.

An haifi Volta a garin Komo ran 18 ga watan Fabrairu, 1745. Ya fara koyarwa a garinsu a 1774, daga baya ya koma Jami'ar Pabiya, inda ya yi shekaru da dama yana bincike. A zamaninsa, hanyar da masana suka dogara da ita wajen samun lantarki ita ce goga abu da abu, kamar gilashi da ƙyalle. Irin wannan lantarki kuwa tartsatsi ɗaya yake yi ya ɓace, ba ya daɗewa balle a yi wani aiki da shi.

A 1791 wani likita na birnin Bolonya, Luigi Galvani, ya ba da sanarwa cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan motsa idan aka taɓa ta da ƙarfe. Ya ɗauka lantarkin a jikin dabbar yake. Da farko Volta ya yarda, amma da ya maimaita gwajin sai ya lura ƙafar ta fi motsi idan ƙarafan iri biyu ne daban. Har a harshensa ya ɗora ƙarafa biyu, ya ji ɗanɗanon tsami. Nan fa gardama ta kaure tsakanin malaman biyu, masana suka rabu.

Don ya kashe bakin masu ja, Volta ya fitar da kwaɗo daga gwajin ɗungurungum. Ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri tsakanin kowane biyu, ya yi ta ɗora wani kan wani. Gwargwadon tsawon jerin, gwargwadon ƙarfin lantarkin, kuma yana gudana ba yankewa. Ran 20 ga watan Maris, 1800, ya aika da bayanin wannan na'ura ga shugaban ƙungiyar masana ta Landan. Shekarar ba ta ƙare ba sai da masana a Ingila suka raba ruwa zuwa iska biyu da ita.

Shi ma bai gane sirrin duka ba, domin ya zaci haɗuwar ƙarafan kaɗai ke haifar da lantarkin. Daga baya aka tabbatar cewa aikin sinadari ne, tutiyar tana cinyewa a hankali, shi ya sa batir ke mutuwa.

A 1801 ya nuna na'urar gaban Napoleon a Paris, wanda ya ba shi sarauta a 1810. Ya rasu a Komo ran 5 ga watan Maris, 1827, shekara huɗu kafin Michael Faraday ya gano yadda ake samun lantarki da maganaɗisu. A 1881 taron masana lantarki na duniya a Paris ya raɗa wa ma'aunin ƙarfin turin lantarki suna volt don tunawa da shi.