Rabaran Jerry Falwell (1933–2007)

An haifi Jerry Falwell a Lynchburg ta jihar Birjiniya, Amurka, a 1933. Mahaifinsa bai damu da sujada ba, giya ce kuma ta yi ajalinsa, amma mahaifiyarsa ba ta fasa kunna wa'azin rediyo kowace Lahadi ba. Ya karɓi Yesu a 1952. A 1956 ya kafa ikkilisiyar Baptis ta Thomas Road da mutum 35, nan da nan wa'azinsa ya shiga rediyo da talabijin. Makarantar da ya buɗe a 1971 ita ce ta zama Jami'ar Liberty.

A 1965 ya koyar cewa aikin fasto ribato rayuka ne, ba siyasa ba. Abin takaici, da fastocin da ke neman wa baƙar fata 'yanci yake. Daga baya ya janye wannan koyarwa. Halatta zubar da ciki a 1973 ya dame shi ƙwarai, har a 1979 ya kafa ƙungiyar Moral Majority, wadda ta tara masu bi bayan Ronald Reagan a zaɓen 1980. Harshensa ya sha ja masa: bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya ɗora wa wasu Amurkawa alhaki, sai da ya nemi gafara.

Ranar 15 ga Mayu 2007 aka tarar da shi sume a ofishinsa, bai farfaɗo ba.